Wa Zai Zana Mana Bayajidda?

  Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Sandamu da Fago da Karkarku da Kwasarawa da Katsayal da Rijiyar Tsamiya, da na cikin birnin Daura, da Zango da Baure da Mai'aduwa, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, mutanen Magarya da Matamaye, in dai muryar nan tana kai musu. 

Yau zancenmu a kan littattafan zane ne. Ina nufin irin littafin da ake ba da labari a cikinsa da hotunan da aka zana da hannu, hoto na bin hoto a cikin 'yan akwatuna, maganar kowane mutum kuma an rubuta ta a cikin wani ɗan zobe kusa da bakinsa. Na san wani dattijo zai ce, to wannan ai wasan yara ne, me ya kawo shi gidan rediyo? Baba, ka ɗan ba ni aron kunnenka. Sana'a ce da mutane suke ci da iyalinsu da ita a Japan da Amurka da Faransa da Indiya, yanzu kuma har da Legas. Kuma ta riga ta shigo mana gida, ta ɗauki kayanmu, mu muna zaune.

Ga abin da ya sa na faɗi haka. A shekarar 2018, gidan rediyon Jamus, wato DW, ya fito da wani jerin gajerun labarai na zane a kan mashahuran mutanen Afirka, wanda sashen Hausa ya kira Tushen Afirka. A cikin waɗanda aka zana har da Bayajidda, da rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa. Su wa suka yi zanen? Wani kamfani ne na Legas mai suna Comic Republic, wanda wani matashi, Jide Martin, ya kafa a 2013. Labarin na Daura ne, ɗaukar nauyin daga Jamus, hannun da ya zana kuma daga Legas.

Ba shi ke nan ba. Akwai wani ɗan Legas mazaunin Amurka, Roye Okupe, wanda ya ajiye aikin albashi a 2015 ya kama wannan sana'a da kamfaninsa YouNeek Studios. Ɗaya daga cikin littattafansa da suka yi fice shi ne Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya da ke mulkin wata daula da ya kira Azzaz. Duk Bahaushen da ya ji wannan suna ya san inda aka dosa, shi ma marubucin bai ɓoye ba cewa Sarauniya Amina ta Zazzau ce ta ba shi tunanin. A 2021 babban kamfanin ɗab'i na Amurka, Dark Horse, ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa. A 2025 wani labarin nasa, Iyanu, wanda ya gina a kan al'adun Yarbawa, ya zama katun da ake nunawa a tashar Cartoon Network. Kafin wannan, a watan Fabrairun 2024, kamfanin Disney ya saki Iwaju, kashi shida, labarin Legas ta nan gaba, wanda ya yi tare da Kugali, kamfanin wasu samari ne biyu 'yan Najeriya da ɗaya ɗan Yuganda da suka fara da littattafan zane. Kuma tun 2012 ake yin taron baje kolin wannan sana'a a Legas, mai suna Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya assasa.

Ni ban ga laifin waɗannan samari ba ko kaɗan. Sun yi aiki, sun sha wahala, sun ɗaga sunan ƙasar nan, Allah ya ƙara musu basira. Abin da yake damuna shi ne namu zaman. Lokacin da fim ɗin Amina ya fito a Netflix a 2021, mutanen Arewa da yawa sun yi ta ƙorafi, wasu kan sutura, wasu kan harshe, wasu kan yadda aka juya tarihin. Ƙorafin yana da hujja. Amma ƙorafi ba ya zana hoto. Wanda ya riƙe alƙalami shi yake yanke yadda rawani zai zauna a kan sarki, da irin zanen da Daurama za ta ɗaura, da fuskar da yaron Landan ko na Fatakwal zai riƙa gani duk lokacin da aka ce Bahaushe.

Kuma ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ya san hotunan da ke ciki suna daga cikin abin da yake jan yaro ya buɗe littafin. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai barjat don manya masu koyon karatu, kowane lardi kuma da 'yar jaridarsa, tamu ta lardin Katsina sunanta Himma. Iyayenmu da suka yi samartaka a ƙarshen shekarun 1960 za su tuna mujallar African Film, mai ɗauke da labarin Lance Spearman, ɗan ƙwalisan nan mai malafa da yake farautar miyagu. Ita hotunan 'yan wasa ake ɗauka a jera, ba zane ba ne, kuma da Turanci take, amma samari suna karɓa-karɓarta har ta yage. Daga baya wani Bature, John Hare, wanda ya yi aikin gwamnati a Arewa kuma yake rubutu da sunan Ɗan Fulani, ya ƙirƙiro Sauna, har aka sami Sauna Jac da Hausa cikin zane. A kudu kuwa Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a 1976, daga nan Papa Ajasco ya fito, wanda har yau ana tunawa da shi a talabijin.

Ku tuna kuma da littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990. Bangon da yawa daga cikinsu da hannu aka zana. Haka littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu sadaukai da aljanu da takubba, waɗanda samari suke kwana a kansu. A yau ma muna da Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, wanda da zane guda yakan faɗi abin da mai sharhi zai cika shafi bai gama faɗa ba. Hannun zane kuwa ai gadonmu ne. Dubi zanen ƙwarya, dubi aikin dukawa a kan fata, dubi aska takwas a gaban babbar riga, dubi dagi a goshin soro, dubi zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, dubi zaki da dawisu a bayan motar lodi. Mutanen da suke wannan ba za a ce ba su da ido ko hannu ba. Abin da ya ɓace shi ne haɗa hannun da labari, a mai da shi littafi, a kai shi kasuwa.

(Kiɗan tsakiyar shiri)

Masu sauraro, har yanzu muna cikin shirinmu na faɗakarwa, muna zance a kan littattafan zane.

Babban dalilin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne karatun 'ya'yanmu. Malaman firamare da suke saurarena sun fi ni sanin abin da zan faɗa. Sau nawa yaro yake kaiwa aji huɗu ko biyar, a miƙa masa shafi cike da baƙaƙe, ya tsaya yana kallonsa cikin tsoro? Ba daƙiƙi ba ne. Shafin ne ya yi masa yawa, babu inda zai kama. To a littafin zane, hoton ya riga ya gaya masa rabin labarin. Ya ga tsohuwa, ya ga baƙo a kan doki, ya ga guga. Kalmomin da ke cikin zoben ba su fi biyar ko shida ba. Zai daure ya haɗa su saboda yana so ya ji abin da tsohuwar ta ce. In ya ci wannan akwati sai ya matsa na gaba, kafin ya farga ya gama shafi, kafin mako ya gama littafi. Yaron da ya taɓa gama littafi guda da kansa, da harshen da yake mafarki da shi, ya daina tsoron takarda. Wannan amfanin ya shafi uwar da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ya shafi almajirin da ya iya ajami yake son ya koyi boko.

Mutanen Indiya, waɗanda muke kallon finafinansu tun kaka da kakanni, sun gane wannan tun tuni. A 1967 wani mutum mai suna Anant Pai ya kalli gasar kacici-kacici ta yara a talabijin. Ya ga yaran suna amsa tambayoyi kan tatsuniyoyin Girka, amma da aka tambaye su wani abu daga labaran ƙasarsu sai suka yi shiru. Abin ya ɓata masa rai, ya fara buga jerin littattafan zane mai suna Amar Chitra Katha, na tarihi da labaran gargajiyar Indiya. Sun haura littattafai 400, an buga su cikin harsuna fiye da 20. Ina roƙon kowane uba da ke saurare ya gwada wannan gasar a gidansa yau da dare. Ka tambayi ɗanka sunayen 'yan wasan Real Madrid, sannan ka tambaye shi Hausa Bakwai. Ka tambaye shi sunan tsohuwar da ta sauki Bayajidda.

Na san akwai wata tambaya a zukatan da yawa, kuma ba zan tsallake ta ba, wato hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa. Akwai waɗanda suka tsananta, akwai waɗanda suka sassauta idan zanen na kan takarda ne kuma don koyar da yara. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa ya tambaya, wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, akwai rubuta labarin, akwai zanen gine-gine da ado da haruffa, duk aiki ne a cikin sana'ar. Amma akwai iyakar da babu jayayya a kanta a wurinmu: ba a zana Annabawa, ba a zana Sahabbai, ba a wasa da abin da addini ya tsarkake. Wani likitan halayyar ɗan'adam ɗan Kuwait, Naif Al-Mutawa, ya fito da jerin littattafai mai suna The 99 a 2006, da niyyar bai wa yaran Musulmi jarumai nasu. Ya yi suna a duniya, amma saboda ya danganta jaruman da sunayen Allah kyawawa, malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta shi a 2014. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai an haɗa da shawarar masana. Matashin da zai shiga wannan aiki a ƙasar Daura ya nuna wa malami aikinsa tun yana kan fensir.

Yanzu bari in juyo kanku, samari da 'yan mata masu cika bayan littafin lissafi da zane. Yaya ake aikin? Mu ɗauki daren da Bayajidda ya shigo Daura, yadda kakanninmu suke ba da shi.

Kada ka fara da zane. Fara da rubuta abin da zai faru a kowane akwati, layi ɗaya ɗaya. Akwati na farko, ka ba shi faɗin shafin gaba ɗaya: ganuwa, dare, mahayi shi kaɗai ya gaji, dokinsa ya sunkuyar da kai. Babu magana ko ɗaya, hoton ya isa. Na biyu, ƙofar gidan tsohuwa Ayana, ta ɗaga fitila tana duban baƙo. Na uku, ka matso da fuskarta kusa, a ga tsoro a idonta lokacin da ya nemi ruwa, tana gaya masa ba a samun ruwa a garin nan sai ranar Juma'a. Na huɗu, hannunsa kawai, ya ɗauki guga. Ka lura ban ce ka zana shi yana tafiya taku-taku zuwa rijiya ba. Daga guga sai bakin Kusugu, mai karatu da kansa zai cike tafiyar a ransa. Wannan ɗan farin filin da ke tsakanin akwati da akwati, a nan rabin gwanintar take. Sannan ka tsara yadda akwatin ƙarshe na shafin zai zama igiya ce ta yi nauyi a hannunsa. Kada ka nuna macijin. Bari sai an juya shafi, sannan ya taso ya cika takardar tun daga ƙasa har sama. Mai ba da tatsuniya yakan yi shiru kafin ya faɗi abin tsoro, to juya shafi shi ne shirunka.

Washegari kuma ga inda labarin ya fi daɗin zane, kuma nan ne baƙo ba zai iya kamo mu ba. Gari ya waye, an ga maciji a mace babu kai. Sarauniya Daurama ta aika manyan fadawanta su dubo. Mutane suna ta fitowa kowa yana cewa shi ya kashe, ana cewa to kawo kan. Ka san irin fuskokin nan, kana ganinsu a kasuwa da bakin tasha: mai cika baki, mai raɓe-raɓe, mai jiran ya ga inda iska ta kaɗa. Zana su yadda ka san su. Rijiyar Kusugu tana nan a cikin Daura, daga Sandamu ba wata tafiya ba ce, je ka zauna ka zana ta da idonka. Je ka kalli hawan Sallar Gani, ka ga yadda ake naɗa rawani, yadda lifidi yake zama a jikin doki, yadda dogari yake tsayawa, yadda mai kakaki yake ɗaga shi. Ka zauna da tsofaffi ka ji bambancin ruwayoyinsu, don ba duka bakinsu ɗaya ba, masana tarihi ma suna muhawara a kan abin da labarin yake nufi. A ƙarshen littafinka ka ware shafi guda ka faɗa wa mai karatu: wannan daga bakin dattawa na ji shi, wannan kuma ni na ƙara don labari ya yi armashi. Yin haka gaskiya ce, kuma zai kare ka daga zargi.

Abin da nake roƙonku da babbar murya, kada ku kwaikwayi jaruman Amurka masu matsattsun kaya da tsokoki kamar an hura. Na ga yaranmu da yawa da suka iya zane, amma duk abin da hannunsu ya saba da shi fuskokin katun ɗin Japan ne. Koyo daga gare su ba laifi ba ne, sun ƙware ƙwarai. Amma in ka sa wa Daurama idon 'yar Japan da suturar 'yar Amurka, to me ka ƙara a kan abin da muke kuka da shi?

Kuma ƙasar nan ba labarin Bayajidda kaɗai take da shi ba. Akwai jerin sarauniyoyin da suka mulki Daura kafin zuwansa, tun daga Kufuru, da zaman Tsohon Birni. Akwai farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, da Malam Isiyaku ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure, har 1906 da aka dawo da Malam Musa kan gadon sarauta. Shekara kusan ɗari na hijira da jira da dawowa, wannan kaɗai zai cika littattafai goma. Akwai Gizo da Ƙoƙi ga ƙanana. Akwai kuma rayuwar yau: yaron da ya tafi ci-rani, yarinyar da take son ta gama sakandare, manomi da makiyayi a bakin burtali, matashin da ƙwaya ta ɗauke wa hankali, fataucin da ake yi ta Kongolam. Ma'aikatan lafiya da ke fama da wayar da kai kan rigakafi da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, shafi huɗu na zane da Hausa zai shiga inda doguwar takarda ba ta shiga.

Kayan aiki ba su da tsada. A manyan kamfanoni ana raba aikin ne, wani ya rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya sa launi, wani ya rubuta maganganu. Ku ma ku haɗu biyu ko uku, mai iya labari da mai iya zane. Farar takarda huɗu irin ta hoto-kwafi, in ka ninka su biyu ka ɗinke tsakiya, ka sami littafi mai shafi 16. Kada rashin launi ya tsayar da kai. Littattafan Japan, waɗanda ake kira manga, yawancinsu baƙi da fari ne, kuma ɗaya daga cikinsu, One Piece na Eiichiro Oda da aka fara a 1997, an buga fiye da kwafi miliyan 500. Mai wayar Android kuma akwai manhajoji na kyauta irin su ibisPaint da ake zane da su da yatsa. Ka dai kula da rubutunka. Ƙ da ɗ da ɓ a sa musu lanƙwasarsu, don yaron da zai koyi karatu a littafinka kada ya koyi kuskure.

Sai maganar kasuwa, kuma a nan ba zan yi muku daɗin baki ba, da wuya. Ko a Amurka, kamfanin Diamond, wanda ya shafe fiye da shekara 20 kusan shi kaɗai yake rarraba littattafan zane zuwa kantuna, ya shigar da takardar karyewar arziki a kotu a watan Janairun 2025, bayan manyan kamfanoni irin su DC da Marvel sun janye daga hannunsa. Ƙananan masu ɗab'i da suka dogara da shi su suka fi jin jiki. A nan gida ma marubutanmu na Hausa sun ɗanɗana irin wannan, lokacin da manhajar OkadaBooks, inda da yawa suke sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Saboda haka kada ka rataya dukan aikinka a wuri guda. Ka ajiye asalin zanenka a hannunka, ka san masu karatunka kai tsaye.

Inda ƙofa take a buɗe shi ne waya. Mutanen Koriya ta Kudu sun ƙirƙiro salon da ake kira webtoon, wanda ake jera akwatunan daga sama zuwa ƙasa, mai karatu yana ja da babban yatsa, kuma kamfanin da ya fi girma a wannan harka ya shiga kasuwar hannun jari ta Amurka a 2024. Marubutanmu mata sun riga sun nuna hanya, suna sakin labari kashi-kashi a WhatsApp, a karanta na farko kyauta, mai son ci gaba ya biya. Mai zane zai iya bin wannan sawu. Comic Republic ma kyauta suka riƙa sakin littattafansu a intanet, kuɗin yana shigowa ta aikin da kamfanoni da ƙungiyoyi suke ba su bayan sun ga hannunsu. Mu kuma masu karatu, mu ji tsoron Allah. Wanda ya biya kuɗin kashi guda ya tura wa zaure mai mutum ɗari biyu, ya ci haƙƙin wanda ya kwana yana zane, ko da bai ɗauki abin a bakin komai ba.

Akwai wani labari da nake so kowane matashi mai fasaha ya riƙe. A 1938 wasu samari biyu a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar wa wani kamfani jarumin da suka ƙirƙira, Superman, da dukan haƙƙinsa, a kan dala 130. Kamfanin ya tara dukiyar da ba ta ƙirguwa. Su kuwa suka shiga talauci, Shuster mai zanen har idonsa ya kusa mutuwa yana ƙananan ayyuka don ya ci abinci. Sai a tsakiyar shekarun 1970, bayan 'yan'uwansu masu sana'a sun tayar da ƙura, aka yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, aka mayar da sunansu kan aikin. Kwafi ɗaya na mujallar farko da Superman ya fito a ciki, wadda aka sayar santi 10 a lokacin, an yi gwanjonsa dala miliyan 6 a watan Afrilun 2024. Mu manoma ne, mun san bambancin sayar da amfanin gona da sayar da gonar kanta. In wata ƙungiya ko kamfani ya ce ka yi masa zane, ka tambaya: aikin nan kaɗai kuke saye, ko har da mutanen da na ƙirƙira? Na shekara nawa? In an mai da shi fim, mene ne rabona? A rubuta, a sa hannu, a sami shaidu. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan masarauta, ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce mallakar da haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce, kuma haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Labarin Bayajidda gadon kowa ne, amma zanenka da kalmominka naka ne da magadanka.

Wani zai ce, yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, wa zai ɓata lokaci da fensir? Ka rubuta wa na'ura abin da kake so ta fito maka da hoto. To ku ji wannan. A watan Fabrairun 2023, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya duba wani littafin zane mai suna Zarya of the Dawn, wanda aka yi hotunansa da manhajar Midjourney, ya yanke cewa rubutun da tsarin jera shi suna da kariya, amma hotunan ba su da ita, don ba mutum ya zana su ba. Ban da wannan, na'urar abin da aka cika ta da shi take mayarwa, kuma hotunan ƙasar Hausa kaɗan ne a cikinta. Ka ce ta zana maka Sarkin Daura, ba mamaki ta naɗa masa rawanin Indiya ta zaunar da shi a fadar Larabawa. Yarinyar da ta tashi tana ganin kakarta tana dakan fura, ita ta san yadda ake riƙe taɓarya. Ku yi amfani da na'ura inda za ta rage muku wahala, amma ku koyi zane da hannunku.

Lokaci yana neman ƙure mana, saura kira. A 1933 Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta, har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, dukansu a lokacin suna koyarwa a Katsina. Har yau ana karanta su. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ita ma ta fito da marubuta mata da ba a san su ba. Me zai hana a yi irin wannan ga masu zane a ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura? Ina miƙa wannan roƙo ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, da hakimansa, da shugabannin ƙananan hukumominmu, da sakatarorin ilimi, da attajiranmu da ke Kano da Abuja da Legas. Shafi takwas, da Hausa, a kan tarihin garinku ko wata matsala ta unguwarku. Malaman tarihi da na addini su duba, a buga waɗanda suka yi fice, a raba wa makarantun firamare, a biya yaran da suka zana, a kuma bar musu haƙƙinsu.

Malam mai koyarwa, in ka kama ɗalibi yana zane a bayan littafi, kafin ka ɗaga bulala ka duba zanen, ka ba shi darasin tarihin makon ya zana wa aji. Iyaye, Baba da Inna, in Allah ya ba ku yaro ko yarinya mai wannan hannu, ku saya masa fensir da farar takarda, ku zaunar da shi gaban kakarsa ta ba shi labari. Ku kuma masu zanen, kada ku jira gasa, ku fara da takarda huɗun nan a wannan mako, in kun gama ku kai wa ƙannenku su karanta, inda suka tsaya suna tambaya nan ne za ku gyara.